Siginar baya ta zama danja: abin da ya faru da babur ɗin ƙanena

Ƙanena tela ne a Kasuwar Barci, gidansa kuwa a Rigachikun. Wanda ya san Kaduna ya san tafiyar: ka fito daga Tudun Wada ka hau baifas, ka wuce Kurmin Mashi, ka zagaya shatale-talen Mando, ka bi ta Kawo, sannan ka miƙi hanyar Zariya. Da rana ba wani abu ba ne. Amma tela a goman ƙarshe na azumi ba ya ganin rana a kan hanya. Sai sha ɗaya ta gota yake rufe shago, wani lokaci har sha biyu, lokacin da titi ya zama na tireloli da tankoki. Azumin kuma ya faɗo a wutsiyar hunturu, hazo bai gama washewa ba.

Wani dare, ya wuce Kawo ke nan, sai ya ji tirela ta taka birki a bayansa da irin hucin iskar nan mai tsinka zuciya. Ya kauce gefe jiki na ɓari. Da motar ta zo gifta shi, yaron mota ya leƙo ya daka masa tsawa: "Kai mai mashin, so kake ka ja mana? Ba ka da danja!" Ya sauka ya duba. Fitilar gaba na ci, baya kuwa duhu dunɗum. Ƙwan danja, wato jar fitilar baya, ya ƙone, kuma bai san tun daga ina ya ƙone ba. Na uku ke nan cikin wata biyu.

Mai mota danja biyu gare shi, in ɗaya ta mutu ɗaya na nan. Mai babur, bayan kiyayewar Allah, abin da ke sanar da na baya cewa akwai mutum a gaba wani siririn zare ne mai wat 5 a cikin ƙwai ɗaya tal, kuma a wurin da idonsa ba ya kaiwa. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya hango abu, ya gane mene ne, ya ɗaga ƙafa zuwa birki, daƙiƙa ɗaya da rabi ta tafi, mita 33 ke nan motar ba ta ko fara ragewa ba. Saboda haka da Auta, haka muke kiransa a gida, ya zo mini washegari da bidiyo a wayarsa na wani babur na ƙasar waje mai jajayen fitilu uku a baya, ya ce, "Yaya, irin wannan nake so, siginar baya ta riƙa ci kullum kamar danja," ban ga laifin tunaninsa ba. Na ce ya bari a yi Sallah mu zauna. Bai bari ba.

Gyaran bakin hanya

Babur ɗin irin 'yan Chinan nan ne masu injin 125 da aka kwaikwayi tsarin Honda CG, har launin wayoyinsu. A wannan tsari wayar siginar hagu ruwan goro ce, ta dama shuɗiya mai haske, ta danja ruwan ƙasa, koriya ita ce wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfe wuta ta koma ta cikinta, baƙa kuma ita ke ɗauke da wutar batir da zarar an buɗe makulli. Wasu kamfanonin da nasu launin dabam, don haka kada wani ya ɗauki wannan ya kai wa babur ɗin da ba shi ba.

Auta ya tsaya wurin wasu masu gyara a bakin hanya. Ogan ya tafi tafsiri, sai yaronsa. Yaron ya ce ai wannan aikin minti biyar ne. Ya ɗaga kujera, ya fere wayoyi uku da haƙori, ruwan ƙasa da ruwan goro da shuɗiya, ya murɗe su wuri ɗaya, ya naɗe da baƙin salatif. Aka buga kik, aka kunna fitila, siginar baya duka biyu suka kama rau. Auta ya biya ya tafi yana murna. Babu wanda ya taɓa maɓallin sigina a gwada.

Don a gane ɓarnar da aka yi, sai an san cewa wuta iri biyu ce ke yawo a cikin irin wannan babur. Fitilar gaba da danja da ƙwan mita suna shan wutar kwayil, naɗin wayar da ke samar da wuta a cikin inji, kai tsaye, wato AC. Shi ya sa ba sa kamawa sai an tayar da inji, kuma suke ƙara haske idan an murɗa totur. Sigina da oda da fitilar birki kuwa daga batir suke sha, DC, ta cikin fis. Ba kowane babur ne haka ba, kuma gane wa bai da wuya: buɗe makulli, kar ka tayar da inji, kunna fitila. In danja ta kama, ta batir ce. In ba ta kama ba, ta kwayil ce. Na Auta ba ta kamawa.

To yaron ya ɗaura auren waɗannan wutar biyu ba waliyyi. Da farko dai hagu da dama sun zama waya ɗaya. Sannan siginar gaba da ta baya na kowane ɓangare ai waya ɗaya suke rabawa, don haka ba biyun baya kaɗai suka kama ba, har na gaba. Ƙwai huɗu masu wat 10 kowanne, wat 40 ke nan aka ɗora wa kwayil ɗin da aka naɗa don fitilar gaba mai wat 35 da danja mai 5 da 'yan ƙananan ƙwayaye. An ninka masa kaya. Da dare ya yi, fitilar gaba ta koma kamar aci-balbal.

Ba a nan ma gizo ke saƙar ba. A shatale-talen Mando Auta ya tura maɓallin sigina. Wutar batir ta fito ta filasha, wato abin da ke sa sigina ƙiftawa, maimakon ta tarar da ƙwai biyu suna jiranta, sai ta sami hanya a buɗe ta wayar danja har cikin kwayil, wanda ɗaya bakinsa a jikin inji yake ɗaure. Ga wutar batir, kwayil kusan waya ce miƙaƙƙiya zuwa ƙarfe. Fis ya tsinke nan take, kuma aikinsa ya yi. Da tsinkewarsa oda ta yi shiru, fitilar birki ta mutu. Washegari ya koma ya yi ƙorafi, yaron ya zare silin jan ƙarfe daga wata tsohuwar waya ya naɗe fis ɗin da shi, ya ce yanzu ba zai ƙara yankewa ba. Gaskiya ya faɗa. Fis bai ƙara yankewa ba, filasha ce ta dahu, robar wayoyi biyu ta narke a ƙarƙashin kujera, Auta ya iso gida da warin ƙonanniyar roba a wandonsa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Mutumin da ya fita neman ƙarin fitila ɗaya ya kwana biyu yana bin hanyar Zariya ba sigina, ba cikakkiyar fitilar gaba, da ƙwai huɗu ruwan lemo suna ci a kusurwowinsa.

Ban cika ganin laifin yaron ba. An tambaye shi fitila ta kama, ya sa ta kama.

Nawa wayon

Ni aikin sola da inbata nake yi, don haka da na buɗe kujerar na ga abin da aka yi, na ɗauka na san maganin. Dayod. Abu ne da ke barin wuta ta wuce gaba, ya hana ta komowa. Ka ba kowace sigina ta baya dayod biyu, ɗaya a kan wayarta ta asali don kada wutar da ka ƙara ta koma zuwa ta gaba, ɗaya a kan sabuwar wayar don kada wutar sigina ta bi ta can. Ka ɗauko wutar daga baƙar waya, ka rabu da ta kwayil gaba ɗaya. Sai ka sa resisto a hanya ya rage hasken, yadda in an ba da sigina za a ga bambanci. Na haɗa shi a kan tebur da batir da ƙwai mai wat 10 da resisto mai om 15, irin farin nan mai kama da alli. Ya yi aiki.

Amma da na ɗora mita sai murna ta koma ciki. Kowane ɓangare na jan kusan rabin amfiya, biyu kusan amfiya guda, kullum, daga batir ɗan ƙarami mai amfiya-awa 5 wanda cajinsa ma da ƙyar yake cika a zirga-zirgar cikin gari. Resiston kuma yana ƙona kusan wat 3 a banza, bayan minti goma ba ka iya riƙe shi da yatsa. Wannan ne zan ɓoye a ƙarƙashin kujera kusa da roba? Ga shi zaren ƙwan ba ya mutuwa tsakanin ƙiftawa, sai dai ya dushe ya ƙaru, ya dushe ya ƙaru. Daga nesa, a cikin hazo, wannan ba sigina ba ce.

Na kuma yi tunanin ƙwai mai zare biyu, irin na danja da birki, mai wat 21 da 5. A takarda shi ne daidai, don an ƙera shi ne musamman saboda bambancin: ƙaramin zaren yana ba da haske lumen 35, babban 440, fiye da ninki goma sha biyu, ko da yake a wat ninki huɗu ne kawai tsakaninsu. Sai dai gindinsa ɗigo biyu ne, kunnuwansa kuma ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ba ya shiga soket ɗin sigina mai ɗigo ɗaya sai an sauya soket. Ko an sauya, wat 21 a cikin ɗan ƙoƙon roba da bai kai tafin hannu ba narkar da shi zai yi. Filasha ma an yi ta ne don ƙwai biyu masu wat 10, in nauyin ya canja, ƙiftawarta ta canja.

Duk wannan ma bai taɓa babbar matsalar ba, wato launi. Bidiyon da Auta ya gani kusan tabbas daga Amurka yake, inda ƙa'idar motoci ta yarda siginar baya ta zama ja ko ruwan lemo. Shi ya sa can mutum zai sauya murfin sigina zuwa ja, ya sa ƙwai mai zare biyu, fitila ɗaya ta zama danja kuma ta zama sigina. Amma ko a can danja dole ja ce, kuma idan an haɗa su a gida ɗaya ana bukatar hasken sigina ya ninka na danja aƙalla sau uku. Wuta ruwan lemo mai ci ba ƙiftawa, a gaban babur suke sa ta, ba a baya ba. A ƙasashe da yawa kuwa ana bin Yarjejeniyar Biyana ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda Najeriya ta shiga a 2018: baya ja, gaba fari, sigina ruwan lemo mai ƙiftawa. Ba don tsoron 'yan KASTLEA, masu kula da zirga-zirga a jihar Kaduna, ko jami'an kiyaye haɗurra kaɗai na damu ba. Direban tirela da ya taso daga Legas bai yi barcin kirki ba, ba karanta fitilarka yake yi ba, idonsa ne ya saba: ja, abu na tafiya gabana, ruwan lemo, wani zai juya ko ya lalace a hanya. In ka ba shi ruwan lemo biyu a tsaye a bayanka, ka ba shi wasa ƙwaƙwalwa a lokacin da ba shi da daƙiƙar warwarewa. Samarin da ke jera farare da shuɗɗan fitilu masu walƙiya a bayan mashin don gayu, su kam sai addu'a.

Wurin Baba

Akwai wani dattijo mai wayarin a wajen Panteka da nake kai wa aikin da ya fi ƙarfina. Baba muke ce masa. Na tura babur ɗin gabansa na fara zuba bayanin dayod da resisto, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya tukuna, ɗana. Ƙwai nawa ka ce ya ƙone?"

Auta ya ce, "Uku, Baba, cikin wata biyu."

"To me ke ƙona su? Kun tambaya?"

Ba mu tambaya ba. Ni da ke yawo da mita a jaka kullum, ban ɗora ta a kan wayar danja ko sau ɗaya ba. Baba ya warware ƙullin yaron, ya raba wayoyin uku, ya juya mitarsa zuwa AC, ya ɗora a kan ruwan ƙasa, ya ce Auta ya tayar. A silo bolt 11 da 'yan kai. Ya ce ya murɗa. Lamba ta hau 15, ta hau 17, ta leƙa 18. Ya ce ya isa.

Abin da ke riƙe wutar kwayil kada ta wuce gona da iri shi ne ɗan ƙarfen nan mai haƙarƙari da masu gyara ke kira caja. Yana zubar da rarar wutar ne zuwa jikin babur ta koriyar waya. Baba ya bi koriyar da yatsa har inda aka ɗaure ta da noti a jikin firam. Zoben ya yi tsatsa ja-ja-wur, ga busasshen laka na daminar bara, notin ma da yatsa ya juya shi. Cajar lafiyarta ƙalau, hanyar zubar da rarar ce ta toshe. Ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya sa sabon zobe, ya ɗaure tam, ya shafa girisi a kai. Aka sake murɗa totur, lamba ta tsaya tsakanin 13 da 14 ta ƙi wucewa.

Masu ƙera ƙwan fitila suna da lissafin da suka daɗe da shi: ƙarin kashi 5 cikin ɗari a kan wutar da aka yi wa ƙwai yana rage kwanansa da kusan rabi. To ina ga bolt 18 a kan zaren da aka yi don 12, kuma a kan miƙaƙƙiyar hanyar Rigachikun inda totur ke murɗe tsawon tafiya? Ƙaramin zare shi ke fara tafiya. Da an ƙara mako biyu, fitilar gaba ce za ta bi. Da kuma na yi nasarar haɗa dabarata ban duba wannan ba, da ƙwan tsakiya ya ci gaba da mutuwa, mu kuwa muna ganin mun yi gyara.

Baba ya sa sabuwar filasha da fis na gaskiya, ya yanke wayoyin da suka narke ya yi musu ƙari da dalma, ya ɗan miƙe sifirin ɗin soket ɗin danja da ya saki. Sannan ya goge hannu ya ce aiki ya ƙare, a bar sigina ta yi aikin sigina.

Auta ya ce, "Baba, ni fa hucin tirelar nan har yanzu ina jin sa a kunnena."

Na goyi bayansa. Ƙwai ko da lafiyayyar caja wata rana zai mutu, ramukan hanya ma kaɗai sun isa su tsinka zare, kuma ranar da zai mutu ba zai yi sallama ba. Baba ya ce to, amma da sharaɗi biyu: baya ja, kuma kada a taɓa ƙwan sigina ko wayarsa ta yadda ƙiftawa za ta ragu. In mun iya cika su, bismilla.

Dabarar da ta fitar da mu ta zo ne daga ragowar kayan aiki. Ina da guntun zaren LED ja mai bolt 12, irin wanda ake ƙawata shago da shi, ana yanka shi duk bayan ƙwaya uku. Na ce a liƙa shi a cikin ƙoƙon siginar, kusa da ƙwan asali, a bar ƙwan yadda yake. Baba ya ce ai murfin ruwan lemo ne, duk abin da ka sa a ciki ruwan lemo zai fito. Na ciro murfin, na haska fitilar waya ta cikinsa, ruwan lemo. Na kunna jan LED a batir na kifa murfin a kai. Ja ya fito, jawur. Murfin ba rini yake yi wa haske ba, tacewa yake yi: yana tare shuɗi ya bar ja da rawaya su wuce. Farin haske ya ƙunshi launuka duka, in an cire shuɗin sai ya koma ruwan lemo. Jan LED kuwa ja ne zalla, babu abin da za a tace. Baba ya juya murfin a hannunsa, ya sake kifawa da kansa, ya ce, "Ikon Allah. To wannan na koya yau."

Yanka biyu muka sa a kowane ɓangare, ƙwaya shida shida. Duka biyun suna jan kusan rubu'in amfiya, wat 3 ke nan a jimla, kwatankwacin abin da resistona guda ɗaya ke ƙonawa a banza. Muka ɗauko wutar daga baƙar waya da ɗan fis nata na kanta mai amfiya 2, yadda in wani abu ya taɓa a can baya ba zai tafi da oda da birki ba. Na jera dayod biyu a hanya su rage kusan bolt ɗaya da rabi, don wutar batir tana haura 14 idan inji na gudu, zaren kuwa na 12 ne. Tunda daga makulli take sha, da rana ma tana ci, ko inji ya mutu a tsakiyar titi tana nan. Wannan ya fi danjar asali, wadda ke mutuwa tare da inji.

Akwai abu ɗaya da na nace a kai, kuma shi ne mutane ba sa kawowa a rai. Tsakanin siginar baya biyu na wannan babur bai fi santimita 30 ba. Danjojin mota kuwa sun fi mita ɗaya tsakani. Da dare ido yana auna nisan abin hawa ne da tazarar fitilunsa. Idan danjar tsakiya ta mutu aka bar jajaye biyu kurkusa da juna, na baya zai iya ɗauka mota ce can nesa, ninki uku ko huɗu na ainihin nisan. Saboda haka na gefe ba su maye gurbin ta tsakiya ba, rakiya suke yi mata. Ba mu bari sun fi ta haske ba, kuma muka mayar da jan abin ƙyallin nan na kan madigadi da ya daɗe da faɗuwa, wanda ba ya bukatar waya ko batir, hasken motar baya kawai yake mayar mata.

Bayan isha'i muka fita gwaji a wani layi marar fitila a Rigachikun. Auta na kan babur, ni ina ja da baya ina ƙirga taku. A taku hamsin jajaye uku sun fito sarai, babur ya yi faɗi. Na ɗaga murya na ce ya ba da hagu. A nan na ga abin da Baba ke gudu. Ƙwan na ƙiftawa daidai, amma a kan ja yake ƙiftawa, sai launin ya riƙa kumbura daga ja zuwa ruwan goro ya koma. A taku ɗari sai da na ƙura ido kafin na tabbatar wane ɓangare ne. Ni da na san abin da nake nema ke nan. Sharaɗi na biyu bai cika ba.

Maganin shi ne jan ya ɗauke gaba ɗaya a ɓangaren da ake ba da sigina, ya dawo in an gama. Na ciro ƙananan rile biyu, wato maɓallan da wuta ke sarrafawa, masu bolt 12 daga wata matacciyar sitabilaiza, irin shuɗɗan nan masu ƙafa biyar. Kowanne yana da ƙafar da ke haɗe muddin ba a ba shi wuta ba, ta nan na bi da wutar jan. Wayar sigina kuma ita ke jan rilen, da ta kawo wuta sai ya buɗe, ja ya mutu. Saura matsala ɗaya. Sigina tana ƙiftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, a ce 90, wato kusan sulusin daƙiƙa take yi a mace kowane zagaye, kuma a wannan ɗan tsakanin rile zai saki, ja ya leƙo. Sai a sami ja, lemo, ja, lemo, kamar fitilar biki. Na sa wa kowane rile kafasito mai maikurofarad 1000 da dayod a gabansa. Kafasiton yana ɗiban wuta idan sigina ta kama, ya riƙe rilen fiye da rabin daƙiƙa bayan ta ɗauke, dayod kuma ya hana abin da ya ɗiba komawa cikin ƙwan. Abin da rilen ke ja bai fi kashi ɗaya cikin hamsin na abin da ƙwai biyu ke ja ba, filasha ba ta ma san an ƙara mata kowa ba.

Duk tarkacen ya shiga cikin robar man shafawa da Inna ta ba mu, muka huda ta ta ƙasa don wayoyi, muka toshe da silikon, muka ɗaure ta a ƙarƙashin kujera bakinta na kallon ƙasa. Ko'ina dalma muka sa, babu murɗe ko ɗaya. Inda waya ta shiga ƙoƙon sigina ma ta ƙasa muka huda, aka bar ta ta ɗan yi lanƙwasa kafin ta shiga, yadda ruwa zai ɗiga a waje. Damina ce za ta faɗi ko mun iya, na kuwa sa a raina in buɗe robar bayan ruwan farko.

Dare na biyu, taku ɗari. Jajaye uku. Ya ba da hagu: jan hagu ya ɗauke ɗif, lemo ya shiga ƙiftawa a kan duhu, na tsakiya da na dama suna nan ja. Ya kashe, bayan ɗan numfashi jan ya dawo. Ya taka birki, ta tsakiya kaɗai ta ƙaru, ta danne na gefen. Na ƙara taku hamsin, bambancin bai ɓace ba. Da muka kai wa Baba ya gani, ya sa Auta ya ba da dama da hagu sau uku uku, ya leƙa ƙarƙashin kujera ya ga robar man shafawa, ya yi dariya ya ce in kawo masa rile huɗu in na sami wata sitabilaizar.

Sati bai cika ba wani abu ya fito da ban lissafa ba. Auta na da halin mantawa da sigina a kunne, ya juya a Kawo ya tafi da ita har gida. Da can abin haushi ne kawai ga na bayansa. Yanzu kuwa duk tsawon mantuwar, jan wannan ɓangaren a mace yake. Na sayo 'yar ƙaramar buza, na haɗa ta da dayod biyu daga hagu da dama, tana kuka tit-tit muddin sigina na kunne. Ya ce abokansa na kasuwa sun sa masa suna tifa mai ribas. Jiya da na ɗaga kujerar na tarar ya liƙe bakin buzar da salatif ninki biyu. Na ɓare ɗaya na bar masa ɗaya.